Ciwo a fim da ciwo a gadon asibiti: tambayoyin da na gaji da amsawa

Da gaske ana farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya kamar yadda ake nunawa?

Ana yi, amma ba da wannan yawan ba. A 1996 mujallar New England Journal of Medicine ta buga bincike kan shirye-shiryen asibiti na talabijin a Amurka, inda kusan kashi 75 cikin ɗari na waɗanda aka danna wa ƙirji suka farfaɗo. A asibitin gaske, masu tashi su koma gida ba su kai rabin haka ba.

Wanda ya manta komai, in aka sake buga masa kai zai tuna?

A'a. Ƙarin rauni za a yi masa.

Na ga ana sa wa mai farfaɗiya cokali a baki.

Kada ka kuskura. Ba wanda ke haɗiye harshensa, haƙora kawai za ka karya masa. Kawar da abin da zai ji masa ciwo, ka sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, in jijjigar ta lafa ka juya shi gefe. In ta wuce minti 5, asibiti.

Mahaifiyata na fama da ciwon daji. In kunna mata fim ɗin mai irin ciwon, ko za ta samu ƙwarin gwiwa?

Allah ya ba ta lafiya. Amsar ba ɗaya ba ce, kuma ba zan ce maka yi ko bari kai tsaye ba. Fara kallon fim ɗin kai kaɗai har ƙarshe, don galibinsu ɗayan biyu ne: ko jarumin ya mutu ana kiɗa mai sanyi, ko ya warke garau cikin minti goma. Na farko na iya tsorata ta. Na biyu kuwa, a ganina, ya fi cutarwa, don zai iya sa ta ɗauka rashin ƙoƙarinta ne ya hana ta tashi. Sannan ka duba lokaci: wadda aka faɗa wa sakamakon gwaji makon jiya daban, wadda ta shekara tana karɓar magani daban. Wasu majinyata suna jin sanyi su ga ba su kaɗai ba ne, wasu kuma abin da suke so daga fim shi ne awa biyu da ba a ambaci asibiti ba. Ka tambaye ta mana! In ta ce barkwanci take so, kunna mata barkwanci, ka riƙe wa'azinka.

Me ya sa duk mai ciwo a fim yake komawa mutumin kirki?

Don marubuci na buƙatar darasi kafin fim ya ƙare. Ciwo kan sa wani ya yi laushi, ya sa wani faɗa da ƙorafi. In naku majinyacin ya zama mafaɗaci, ba lalacewa ya yi ba, zafi yake ji.

Jama'ar da ke taruwa su taimaka fa, ita ma ƙarya ce?

Taron gaskiya ne, a makon farko. Abin da kyamara ke tsallakewa shi ne wata na huɗu, lokacin da waya ta daina ƙara, aka bar mutum ɗaya da juya majinyaci da tsakar dare, wankin zanen gado da bin layin magani. In kana son taimakawa, daina cewa “in akwai buƙata a kira ni”. Zaɓi rana, ka je ka karɓi mai jinyar ta samu ta yi barci.