Daga Damagaram zuwa Maroko: tambayoyin masu shirin tafiya karatu

Duk shekara da sakamakon bak, jarabawar gama sakandare, ya fito, zauren gidanmu a Birni ba ya rabuwa da baƙi. Na yi shekara 5 ina karatu a Fas, don haka yaro ya samu bursu ta hukumar ANAB, sai a ce masa je ka wajen wane. Wasu iyayensu ke rako su. Ga tambayoyin da aka fi yi mini.

Yaya, me zan zuba a jaka?

Ƙanena, rage manyan riguna. Kala biyu sun ishe ka Juma'a da Salla. Cika wurin da kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yaji, ka ɗaure daddawar a leda uku in ba ka so littattafanka su yi warinta har ƙarshen shekara. Jirgi daga Yamai zuwa Kazablanka yakan ba da kilo 23 ga jaka ɗaya, kuma a tasha kafin ka hau motar Yamai, tafiyar kilomita wajen 900, gwaggo za ta iso da ƙullin alkaki, ka bar masa wuri. Mai zuwa Faransa kuwa kada ya ɗauki kilishi, dokar Turai ta hana shiga da nama a jakar matafiyi.

Abin da ya fi kayan miya shi ne ka iya miyar. Zauna kusa da Inna mako biyu, ko da ƙannenka mata za su yi maka dariya. Ni ban zauna ba, na kwashe wata 3 ina cin burodi da ƙwai safe da dare. Can da garin sumul muke tuƙa tuwo.

Wace takarda ce ta fi ba da wuya?

Katin zama, wanda ɗalibai ke kira sejur. Ɗan Nijar yana shiga Maroko ba biza, amma na kwana 90 ne kawai, kuma cikin kwanakin nan za ka kai takardunka ofishin ƴan sanda: shaidar rajista a makaranta, shaidar bursu, takardar haya ko ta ɗakin site, wato gidan kwanan ɗaliban jami'a, hotuna, da kwafin fasfo. Kusan kowane kwafi sai an buga masa hatimi a ofishin unguwa da suke kira muƙaɗa'a. Da farko rasit za a ba ka, katin sai daga baya. Riƙe rasit ɗin kamar laya. Na taɓa yin sammako sau uku a layi saboda takarda ɗaya da ba hatimi. Ranar ta huɗu wani ansiyan, wato tsohon ɗalibi, ya duba mini takardun cikin minti biyar ya ga inda gizo ke saƙa. Tun kana Zinder nemi lambar shugabannin ƙungiyar ɗaliban Nijar na garin da aka tura ka, su ne za su tarbe ka, su ba ka katifa kafin ka samu ɗaki.

Sanyin nan da ake faɗa, ya fi hunturunmu ne?

Ba iri ɗaya ba ne. Hunturun Damagaram busasshe ne, ka sha rana a jikin garu da hantsi ya sake ka. Na can da ruwa yake zuwa, daga Nuwamba zuwa Maris, kuma yawancin gidajen haya ba su da abin ɗumama ɗaki. Bango ya jiƙe, wanki ya kwana biyu bai bushe ba, cikin ɗaki ya fi waje sanyi. A Ifran ƙanƙara ke rufe gari, haka ma Setif da Batna ga waɗanda aka tura Aljeriya. Kada ka sayi rigar sanyi a kasuwar Dole, ta can ta gwanjo ta fi kauri.

Ga inda nake so ka buɗe kunne. Na'urar dafa ruwan wanka mai aiki da gas tana kashe mutane duk hunturu a ƙasashen nan biyu. In tana cikin banɗaki ba taga, tana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum ya ji kansa na sarawa, jiri ya ɗebe shi, ya sulale. Kafin ka karɓi ɗaki duba inda aka kafa ta. Kuma ɗabi'ar nan tamu ta shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa, a bar ta a gida, a gidan ma ba ta da kyau.

Ɗana, mu iyaye me za mu riƙa aikawa?

Baba, abin da nake roƙo shi ne na watannin farko. Bursu takan yi jinkiri, ta ƙasarmu da ta hukumar AMCI ta Maroko duka, mai gida kuwa kuɗin ajiya yake nema kafin ya miƙa makulli. Dirhami 1 wajen sefa 60 ne, jika ɗaya kenan ba ta kai dirhami 17 ba. Yaro ya kan yi mako yana juya kowane farashi zuwa sefa har ya kasa sayen tumatir. Ku ba shi abin da zai riƙe shi wata 3. Kuma a gaya wa dangi ɗalibi ba ɗan ci-rani ba ne, a daina aika masa saƙon a sayo waya da jallabiya.

Faransancina zai ishe ni?

A aji, musamman fannin kimiyya, likita da injiniya, zai ishe ka. A kasuwa da tasi Darija ake yi, wato Larabcin mutanen Maroko. Larabcin makarantar allo zai sa a yi maka murmushi, amma mai kayan miya "bishhal" yake ganewa in kana tambayar farashi. Koyi ƙirga da gaisuwa a watan farko.

Ni dai tsorona addinin yarinyar nan.

Hajiya, ta wannan gefen ki kwantar da hankali. Malikiyya suke bi kamar mu, da ruwayar Warshu suke karatu, irin wadda ta koya a allo. Bayan Magariba da Asuba za ta ji ana karanta izu a masallaci baki ɗaya. Da azumi agogonsu yana bayan namu da awa 1, ki tuna da haka in za ki kira ta shan ruwa. Abin da za ki bincika shi ne da wa za ta zauna. A samo mata yayyenta ƴan Nijar da suka riga ta.

An ce ana zagin baƙar fata a titi. Gaskiya ne?

Ana yi. Yara za su bi ka da "azzi", a Aljeriya "kahlush", wani mai gida ya ce ba ya ba ɗan Afirka haya, kamar shi ba a Afirka yake ba. Ranar farko da aka jefe ni da kalmar ban ci abincin dare ba. Kada ka tanka, faɗa a titi sejur ɗinka zai taɓa. In abin ya kai duka ko jifa, ka je ga ƙungiyarku ko CESAM, haɗakar ɗaliban Afirka a Maroko, su raka ka wurin ƴan sanda. A unguwar da aka zage ni ɗin, wata tsohuwa maƙwabciyarmu duk Juma'a sai ta aiko jikanta da akushin kuskus, mu shida muke sa hannu. Da Babbar Salla ta farko ina zaune kan katifa ina kallon hawan Sarkin Damagaram a waya, ƙwalla ta cika mini ido, sai ga yaron yana buga ƙofa da tsiren hanta naɗe da kitse.