Wai mene ne "direba" a kwamfuta, kuma da gaske direban sauti ne ke kashe maka ita?

Duk wanda ya daɗe yana amfani da kwamfutar tebur ya san wannan ƙarar. Kana cikin kallon bidiyo ko kana buga gem, kwatsam sai sautin ya maƙale wuri ɗaya, drrrrrrrr, kamar ƙudan zuma ya shiga kwalba, maus ya ƙi motsi, kibod ya mutu, can sai allo ya koma shuɗi ko kuma kwamfutar ta yi ristatin da kanta ba wanda ya taɓa ta. Duk wanda ka ba labari zai ce maka "ai direban sauti ne, ka sake shi". To wai shi direban nan mene ne ma tukun?

Da farko kar a haɗa shi da diraif, don na ga mutane da dama suna cakuɗa su. Diraif shi ne wurin ajiya, had dis ko filash, abu ne da za ka iya riƙewa a hannu. Shi kuwa direba manhaja ce 'yar ƙarama wadda aikinta kawai tafinta tsakanin Windows da wani ƙarfe da ke cikin kwamfutar. Windows ba ta jin yaren kowane ƙarfe, ita dai abin da ta sani shi ne ta ce "ga sauti a fitar", direba ne zai karɓi wannan maganar ya juya ta zuwa umarnin da ɗan guntun cif ɗin da ke kan modabod, wato babban faifan da duk kayan cikin kwamfutar ke jone a jikinsa, zai gane. Firinta tana da nata direban, katin hoto yana da nasa, na intanet haka, har maus ɗin da ke hannunka. A yawancin kwamfutocin tebur cif ɗin sautin na kamfanin Realtek ne na Taiwan, shi ya sa sunan nan ba ya ɓacewa a duk inda ake maganar matsalar sauti, kuma yana bin wani tsari da Intel ta fitar a 2004 mai suna High Definition Audio wanda ya gaji tsohon AC'97. Amfanin sanin wannan shi ne, tunda tsarin ɗaya ne, ita ma Windows tana da nata direban na gama-gari da ke iya tuƙa kusan kowane cif irin wannan ko da babu na kamfani, ka riƙe wannan za mu dawo kansa.

To me ya sa abu ɗan mitsitsi haka zai kayar da kwamfuta gaba ɗaya? Maganar inda yake zaune ce. Manhajoji irin su burauza da na kallon bidiyo a tsakar gida suke, in ɗaya ta haukace Windows za ta kama hannunta ta fitar da ita waje a ci gaba da harka. Amma direbobi da yawa a can ƙuryar ɗaki suke aiki, wurin da ake kira kenel, wato zuciyar Windows ɗin kanta, inda kowa ke iya taɓa kowane lungu na memori ba mai hana shi. In direba ya yi rubutu a inda bai kamata ba a can ciki, Windows ba ta da tabbacin me da me ya ɓata, sai ta zaɓi ta tsayar da komai da ta ci gaba ta lalata maka fayiloli. Wannan tsayawar ita ce shuɗin allon da muke gani, kuma da gangan take yi, birki ne ta taka. Wanda ke son ganin ƙarfin direba ya tuna 19 ga Yulin 2024, ranar da wani afdet na kamfanin tsaro CrowdStrike ya sa direbansu ya riƙa kayar da Windows, Microsoft ta ƙiyasta na'urori kusan miliyan 8.5 abin ya shafa, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya. Ba na sauti ba ne, amma ƙurya ɗaya suke kwana.

Sai dai fa tun daga Windows Vista, Microsoft ta kwashe kaso mai yawa na aikin sauti ta fito da shi daga kenel, haɗa sautuka da su ƙara bes da sauran kwalliya yanzu wata 'yar manhaja ce ke yi mai suna audiodg.exe, in ka buɗe Task Manager za ka gan shi. Don haka a yau in ɓangaren sauti ya samu matsala, galibi abin da za ka gani shi ne sauti ya ɗauke, ko ya riƙa tsatsa, ko ɗan jan kuros ya fito a kan alamar sifika. Yana iya kayar da kwamfuta har yanzu, don akwai sauran ɓangarensa a kenel, amma bai kai yadda ake jibga masa laifi ba.

Wancan drrrrr ɗin shi ke ruɗar mutane. Yadda abin yake, akwai wani ɗan ma'aji a memori da ake zuba sauti a ciki kaɗan-kaɗan, abin da bai kai ƙiftawar ido ba, shi cif ɗin sauti yana zagaya ma'ajin yana kwasa da kansa ba sai an ce masa ba, ita kuma firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, tana ta sake cika shi da sabo. To in firosesa ta daskare saboda KOWANE dalili, ba mai zuba sabo, shi kuma cif bai san an yi mutuwa ba, sai ya ci gaba da maimaita ɗan guntun da ya rage. Ƙarar da kake ji kenan. Ma'ana shi sautin shaida ne kawai da abin ya faru a gabansa, amma da yake shi ne na ƙarshe da kunnenka ya ji sai a kama shi, an bar jaki ana dukan taiki.

Ni kaina na sha wannan wahalar. Akwai wata kwamfuta da na haɗa, kusan sati biyu ina cire direban sauti ina mayarwa, na gwada tsoho na gwada sabo, kullum sai ta yi min drrrr ta mutu musamman in na buɗe abubuwa da yawa. Ranar da na gaji na sa MemTest86 a filash na bar ta tana gwajin ram, wato memorin da kwamfuta ke aiki da shi, ban ma je ko'ina ba na ga jajayen layuka sun fara cika allon. Sandar ram biyu ce a ciki, na zare ɗaya na bar ɗaya, shiru kake ji, ko sau ɗaya ba ta ƙara ba. Haushin kaina na ji wallahi, don tun farko alamar tana gabana, kowane shuɗin allo da lambar kuskurensa daban, ni ne ban karanta ba.

Saboda haka kafin ka taɓa komai, karanta abin da allon ya rubuta, ka ɗauke shi hoto da waya in yana saurin wucewa. A ƙasa akwai sunan kuskuren, wani lokaci har da sunan fayil ɗin da ya faɗi. In ka ga irin su DRIVER_IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL ko SYSTEM_SERVICE_EXCEPTION tare da RTKVHD64.sys, to nan kam da hujja, wannan fayil ɗin direban sauti na Realtek ne. In nvlddmkm.sys ka gani, na katin hoton NVIDIA ne, ka bar sauti ya huta. In kuma ntoskrnl.exe ne to bai gaya maka komai ba, kenel ɗin ne da kansa, a hannunsa aka faɗi kawai. Suna ɗaya yana ta dawowa, direba ne. Sunaye suna ta canzawa yau wannan gobe wancan, ka fara zargin ram ko zafi ko wuta. Windows tana ajiye bayanin kowace faɗuwa a C:\Windows\Minidump, ana buɗe su da WinDbg ko BlueScreenView wanda ya fi sauƙi ga wanda bai saba ba. Ni abin da na fi so ma shi ne ka danna maɓallin Windows da R ka rubuta perfmon /rel, zai jero maka kwanaki da jan alama a ranar da aka faɗi, da kuma abin da aka yi instolin a ranar ko kafin ta, sau da yawa a nan za ka ga ashe washegarin wani afdet abin ya fara. Wani abu kuma, in ka leƙa Event Viewer, inda Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, ka ga Kernel-Power 41 kar hankalinka ya tashi ka ce ka gano ɓarawo, abin da yake nufi kawai kwamfutar ba ta mutu ta hanyar da ta dace ba, wanda ka riga ka sani.

To a ce an tabbatar na sautin ne. Ka danna Windows da X ka shiga Device Manager, ka buɗe Sound, video and game controllers. In akwai ɗan alwatika ruwan ɗorawa a jikin wani suna to shi ne mara lafiyar, Code 28 na nufin babu direban ma sam, Code 10 kuma na'urar ta kasa tashi. In matsalar bayan afdet ta fara, ka shiga Properties ka nemi Roll Back Driver ya mayar da kai na da, in maɓallin ya yi fari ba ya dannuwa to Windows ba ta ajiye tsohon ba. Sai ka yi Uninstall device, ka tabbata ka sa alama a ɗan akwatin da ke cewa a goge direban ma, in ba haka ba kana ristatin shi ɗin dai zai dawo. Nan ne wancan na gama-garin zai yi maka rana, ka bar kwamfutar a kansa, sunansa High Definition Audio Device, na kwana biyu uku, in ta zauna lafiya ka san inda cutar take. Kuma gaskiya in ba ka damu da kwalliyar ikwalaiza ba kana iya zama a kansa har abada. In kana son na kamfani, ka je shafin wanda ya ƙera modabod ɗinka ka nemi daidai lambar modal ɗinka. Manhajojin nan masu cewa za su sabunta maka duk direbobi da dannawa ɗaya, ni dai ba na ba kowa shawarar su, garin neman gira ake rasa ido.

Wani gwajin da ke raba gardama, ka shiga BIOS, wato saitin modabod da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka kashe sautin kan modabod gaba ɗaya. In ta ci gaba da faɗuwa alhali cif ɗin ma a kashe yake, ai magana ta ƙare.

Kar ka manta kuma direban sauti ba ɗaya ba ne a kwamfutarka. Katin hoto yana da nasa don tura sauti ta HDMI ko DisplayPort, hedfon na USB yana da nasa, na Bluetooth ma haka. Da yawan "sautina ya ɗauke" ba komai ba ne illa Windows ta karkata sautin zuwa monita wadda ko sifika ba ta da ita, ka danna alamar sifika ka zaɓi inda kake so shi kenan. Ka duba jak ma, kore na sifika ne, ruwan hoda na makirfo, shuɗi na shigo da sauti daga waje, kuma in ramin gaba ya ƙi ka gwada na baya, don na gaban da wata 'yar waya aka jona shi da modabod kuma tana iya zarewa. In kuwa tsatsa ce da 'yan ƙananan yankewa, ka kashe audio enhancements tukun, wato kwalliyar nan ta sauti, in ba ta daina ba ka kunna LatencyMon, shi zai nuna maka direban da ke riƙe firosesa fiye da kima har ma'ajin sauti ya ƙare kafin a cika shi, kuma kar ka yi mamaki in ka ga na wayafai ne ko na katin hoto.

Duk abin da za ka yi dai ka riƙa canza abu ɗaya ka jira ka gani, in ka canza biyar lokaci guda ko ta gyaru ba ka san wanne ya yi aiki ba. In kwamfutar ba ta barinka ka kai ko'ina ka shiga Safe Mode, inda Windows ke tashi da direbobin dole kawai, ka cire direban daga can, kuma kar ka tsorata in ba ka ji sauti a ciki ba, haka yake dama. Wadda kuma take ɗaukewa ɗif kamar an zare fulogi, babu shuɗin allo babu komai a Minidump, wannan ka ajiye maganar direba gefe, ka kashe ta ka zare waya ka buɗe murfin, ka duba ko fanka tana juyawa, ka kaɗe ƙura, sannan ka samu wani fawa saflai, wato akwatin da ke raba wa kayan cikin kwamfutar wuta, ka gwada.