Fetur da Giris Ba Sa Gyara Birkin Diski

Akwai masu ɗauka cewa idan birkin diskin babur ya cije, sai a wanke kalifarsa, wato ƙarfen da ke matse diskin, da fetur a shafa wa fistan da ke cikinta giris. Wannan kuskure ne babba. Robobin da ke zagaye da fistan, na tare ƙura da na riƙe mai, ba sa jituwa da fetur, kalanzir, baƙin mai ko giris na yau da kullum. Suna shan su sai su kumbura, fistan ya kasa komawa baya, birki ya riƙa gogar diski har ya yi zafin da hannu ba zai taɓu ba.

Idan ka kwance kalifar, cire robobin, ka kankare dattin da ƙurar hunturu ta daskarar a cikin raminsu da tsinken sakace, don ƙarfe yana ƙarzar wurin. Fistan da tsatsa ta ci ya yi ramuka, canza shi za a yi. Sa sababbin robobi, ka jiƙa su da man birki irin wanda aka rubuta a murfin tankinsa, DOT 3 ko DOT 4, daga sabuwar kwalba, domin wadda aka buɗe tana zuƙar danshi. Sannan fitar da iskar da ta shiga cikin man birkin har hannun birki ya yi tauri.