Gracehill: dokar da ke tsare garin 'yan Morabiya a Ireland ta Arewa

A watan Yulin 2024 hukumar UNESCO ta sanya Gracehill, ƙaramin gari kusa da Ballymena, cikin wuraren tarihi na duniya, tare da Herrnhut ta Jamus da Bethlehem ta Amurka, aka haɗa su da Christiansfeld ta Danmark wadda ta shiga jerin tun 2015. Dukkansu garuruwan cocin Morabiya ne, wata ɗarikar Kirista ta Furotesta. Sai dai tambarin UNESCO ba ya hana kowa rushe ko da katanga guda. Hukumomi suna la'akari da shi idan an nemi izinin gini, amma abin da ke kai mutum kotu shi ne Dokar Tsara Gine-gine ta Ireland ta Arewa ta 2011.

An kafa garin a 1759, cocinsa kuwa na 1765 ne. Ado ba shi da yawa a gine-ginen. Darajar tana cikin tsarin. Ga fili a tsakiya, ga coci na fuskantarsa, gidan 'yan'uwa maza a ɓangare ɗaya, na mata a ɗayan. Har a maƙabarta haka ne: maza gefe, mata gefe, duwatsun kaburbura a kwance, ba mai fin wani. Shi ya sa kare gida ɗaya ba ya wadatarwa, kuma a 1975 Gracehill ta zama yankin kiyaye tarihi na farko a Ireland ta Arewa.

Zama cikin irin wannan yanki na nufin ba a rushe gini sai da izini, ko da ginin ba ya cikin jerin gine-ginen tarihi. Ƙananan abubuwa ne aka ɗauke wa: ginin da girmansa bai wuce kubik mita 115 ba, da katangar da ba ta kai mita 1 ba a bakin hanya, ko mita 2 a wani wurin. Wanda zai sare bishiya ko ya rage mata rassa kuwa, sai ya ba ƙaramar hukuma sanarwar mako 6, domin ta duba ko za ta ɗora wa bishiyar umarnin kariya. Tun Afrilun 2015 ƙananan hukumomi ke riƙe da wannan aiki, ta Gracehill ita ce ta Mid and East Antrim.

Kariya ta biyu ta fi tsanani, kuma a nan masu gida suka fi tuntuɓe. Ma'aikatar Al'umma ce ke sa gini a jerin gine-ginen tarihi, da daraja A, B+, B1 ko B2. Mutane kan ɗauka cewa fuskar gidan kaɗai aka kare, ko kuma mai daraja B2, wadda ita ce ta ƙasa, yana da sassauci. Ba haka ba ne. Kowace daraja ta shafi ciki da waje: matakala, murhu, ƙofofi, har da katanga ko rumfar da ke harabar tun kafin 1 ga Oktoba 1973. Duk aikin da zai canza kamannin ginin yana buƙatar izini na musamman, kuma izinin gini na yau da kullum ba ya tsaya a madadinsa. A je wa jami'in ƙaramar hukuma tun kafin a kira magini, a kai zanen yadda ginin yake da yadda zai koma, a bayyana kayan da za a yi amfani da su, sannan a jira takarda a hannu.

Ɓarnar da ta fi yawa daga son gyara take fitowa. A cire tagar katako a sa ta roba, fuskar gida ta canza gaba ɗaya. A cike tsakanin duwatsu da siminti maimakon kwaɓin farar ƙasa, danshi ya rasa mafita ya koma cikin bango, katakon bene ya fara ruɓewa. Farar ƙasa tana barin bango ya sha iska ya bushe, siminti kuwa toshewa yake.

Yin aiki ba izini laifi ne, kuma "ban sani ba" ba ta fid da mutum. A ƙaramar kotu hukuncin na iya kaiwa tarar fam 100,000 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyu. A babbar kotu ɗaurin shekara 2. Mafitar da doka ta bari ƙunƙuntacciya ce: aikin gaggawa ne don tsare lafiya ko ceton ginin, an yi iya abin da ya zama dole, an kuma sanar da hukuma a rubuce ba tare da jinkiri ba. Hukuma na iya ba da umarnin a mayar da gini yadda yake, kuma umarnin kan mai gidan na yanzu yake sauka. Wanda zai sayi gida a Gracehill ya sa lauyansa ya nemi takardun izinin kowane gyara da aka taɓa yi, domin tagar robar da tsohon mai gidan ya sa, sabon mai gida ne zai biya kuɗin cire ta.