Waƙoƙin Assuriyawa ba da Larabci ake rera su ba

An daɗe ana ɗauka cewa Assuriyawa sun ƙare tun faɗuwar Nineba, babban birnin tsohuwar daularsu, a shekara ta 612 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wai kuma waƙoƙin da ake danganta musu yau na Larabawa ne. Ba abin mamaki ba ne a ɗauka haka, domin maƙwabtaka ta sa sautin kiɗansu ya yi kama.

Amma Assuriyawa na nan da ransu a arewacin Iraƙi, da Siriya, da kudu maso gabashin Turkiyya, da yankin Urmiya na Iran, wasu kuma sun yi ƙaura zuwa Amurka da Suwidin. Harshensu reshe ne na Aramiyanci, wani tsohon harshe na Gabas ta Tsakiya, kuma da shi suke waƙa. A bikin aure ana busa zurna, wadda ta yi kama da algaita, ana kaɗa ganga mai suna dawola, jama'a su riƙe hannun juna su yi rawar khigga a layi. Mata kuma suna rera lilyana, waƙar amarya da ango, wadda a ganina ita ta fi taɓa zuciya.

Mai son tabbatarwa ya duba rubutun da ke jikin faifansu: haruffan Suryaniyanci, waɗanda ake rubuta harshensu da su, 22 ne, na Larabci 28. Ko ya kunna wa mai jin Larabci waƙar, ya tambaye shi ko ya gane baitocin.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa wannan bayani.