Waiwaye: Baƙin gilashin mota, daga dokar soja ta 1991 zuwa takardar inshora

Dokar da ake tare masu baƙin gilashi da ita a titunan Gombe ta girmi jihar Gombe kanta. A shekarar 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa ta, dokar soja mai lamba 6, lokacin muna ƙarƙashin Bauchi. Sai ranar 1 ga Oktoba 1996 Janar Sani Abacha ya yanke mana jiha. Da aka koma mulkin farar hula ba a soke ta ba, an ma shigar da ita kundin dokokin tarayya na 2004, kuma da ita ake aiki har yau. Abin da ke sauyawa shi ne zafin aiwatarwa: bana a matsa, baɗi a saki, can kuma a wayi gari a ce kowa ya je ya sake takarda.

Dokar gajeriya ce. Ta hana a rina gilashin mota, ko a lulluɓe shi, ko a yi masa wani abin da zai sa na waje ya kasa ganin mutane da kayan da ke ciki, sai da izinin Sufeto Janar na 'yan sanda ko wanda ya wakilta. Izinin ma ba na kowa ba ne, dalili biyu kawai ta yarda da su: lafiya ko tsaro. Wanda ya sayi mota mai irin wannan gilashi, ko aka ba shi kyauta, ko ya shigo da ita daga waje, an ba shi kwana 14 ya sauya. Wanda ya ƙi, tarar naira 2,000 ce, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun.

Yau naira 2,000 ba ta isa man da zai kai ka Dadin Kowa ya dawo da kai ba, shi ya sa mutane ke dariya idan sun ji tarar. A 1991 ba abin dariya ba ce. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 250 ne, wato albashin ƙaramin ma'aikaci na wata takwas cur, dala ɗaya kuwa tana wajen naira 10. Zamani ne kuma na zaman ɗar-ɗar ga masu mulki, domin shekara guda kafin nan, a Afrilun 1990, Manjo Gideon Orkar ya yi yunƙurin juyin mulkin da ya girgiza Barikin Dodan. Baƙin gilashi a wancan lokaci sai motocin manya, kuma wanda yake da shi da gangan ya sa.

Kasuwar mota ce ta sauya, dokar ta tsaya inda take. Da aka buɗe ƙofar 'yan Kwatano da motocin da aka yi amfani da su a Amurka, sai ga Sienna da Highlander da Lexus sun cika gari, kusan dukansu gilasan baya da duhu tun daga kamfani. Dalilin shi ne ƙa'idar can. A Amurka ana so gilashin da direba ke dogaro da shi ya bar aƙalla kashi 70 cikin 100 na haske ya ratsa, amma an sassauta wa gilasan baya na manyan motocin iyali. A Ingila ma kashi 75 ne ga gilashin gaba, 70 ga na ƙofofin gaba, kuma da na'ura ake aunawa. Tamu dokar ba ta ambaci kashi ko ɗaya ba. Ma'auninta idon wanda ya tsaya a waje ne, kuma a shinge wanda ya tsaya a waje shi ne mai bindiga a kafaɗa.

Duhun kamfani a jikin gilashin yake, ba ya ɓantaruwa, sai dai ka cire gilashin gaba ɗaya ka sayi wani. Na leda kuwa kowa ya san yadda ake yinsa. Yaro zai wanke gilashin tas, ya fesa ruwan sabulu, ya shimfiɗa ledar ta ciki, ya bi ta da ɗan faifan roba yana korar ruwa da kumfa zuwa gefe, sannan ya datse baki da reza. Zai ce maka, "Alhaji, kar a sauke gilashin sai ya kwana biyu." Cirewa ta fi sawa wuya: ledar ta fita, ɗankon ya zauna, idan kuma aka kankare na baya da garaje sai a tsinke 'yan siraran layukan nan masu korar raɓa. To 'yan sanda sun daɗe suna cewa doka ba ta raba na kamfani da na leda ba, kuma idan ka karanta maganar kwana 14 ɗin nan za ka ga da gaskiyarsu a rubuce. A aikace kuwa ma'anarta ita ce malamin makarantar da ya tara kuɗi ya sayi tsohuwar Sienna don kai yara Islamiyya ya zama mai laifi tun ranar da wa'adin ya cika, bai ma sani ba.

Ga kuma dalilan mutanenmu, waɗanda dokar ba ta san da zamansu ba. Wanda ya taɓa barin mota a rana a Jekadafari cikin watan Afrilu, ya dawo ya kasa riƙe sitiyari, ba ya buƙatar a yi masa bayani. Akwai magidancin da ba ya son a riƙa leƙen iyalinsa a cunkoson Tashar Dukku. Akwai ɗan kasuwar da ke ɗauko kuɗi ko kaya. Akwai kuma, mu faɗi gaskiya, mai kuɗin da ke gudun 'yan maula, da saurayin da ke son a ce wane ne a ciki. Zafi da sutura ba sa cikin dalilai biyun da aka lissafa, sai mutum ya lanƙwasa su ya kira su lafiya ko tsaro.

Shekaru da dama dokar tana barci, rikicin Boko Haram ne ya tashe ta. A watan Yunin 2011 bam ya tashi a cikin mota a hedikwatar 'yan sanda ta Abuja, a watan Agusta aka kai wa ginin Majalisar Ɗinkin Duniya hari da mota. A 2013 Sufeto Janar M.D. Abubakar ya ba da umarnin a kama masu baƙin gilashi marasa izini a faɗin ƙasa. Mu a nan ba labari aka ba mu ba. Ranar 22 ga Disambar 2014 bam ya hallaka mutane a Tashar Dukku, farkon Fabrairun 2015 wani ya tashi kusa da filin wasa jim kaɗan bayan Shugaba Jonathan ya bar taron siyasa, a watan Yuli kuma aka kai hari babbar kasuwa ana shirin ƙaramar Sallah. A irin waɗancan kwanaki babu mai musu da soja idan ya ce a sauke gilashi, har ka kunna fitilar ciki tun kafin ka iso buhunan yashi. Wanda ya ga wannan ba zai ce hujjar tsaro ƙarya ba ce.

Inda nake da ja shi ne a kan takardar. Takarda ba ta sa a ga cikin mota. Mai izini da mara izini duk duhu ɗaya jami'i yake gani daga nesa. Amfaninta na gaskiya shi ne a san mai motar, a ajiye hotonsa da zanen yatsunsa, kuma wannan ba ya samuwa sai idan rajistar tana da tsabta. Rashin tsabtar ce ta sa a watan Yunin 2021 Sufeto Janar Usman Alkali Baba ya dakatar da bayar da izinin baki ɗaya, saboda yadda ake wasa da shi. Daga nan aka shiga shekaru kusan huɗu da doka ke cewa sai da takarda, ofishin takarda kuma a rufe, motoci masu duhun kamfani suna ta shigowa. Kowa ya san wanda ya ci ribar wannan giɓi a bakin titi.

A 2025 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sake buɗe ƙofa, wannan karon ta shafin intanet na 'yan sanda mai suna POSSAP, da biyan kuɗi, da sabuntawa duk shekara, alhali a baya rundunar da bakinta take cewa takardar kyauta ce. An ɗage wa'adin fara kamu zuwa 12 ga Agusta, aka sake ɗagawa zuwa 2 ga Oktoba. Kafin nan, a watan Satumba, Ƙungiyar Lauyoyi ta Ƙasa ƙarƙashin Afam Osigwe ta shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, tana cewa dokar soja ce da ta ci karo da 'yancin da tsarin mulkin 1999 ya bayar, tana kuma tambayar hurumin karɓar kuɗin da asusun da yake shiga. Kwana kaɗan da fara kamun wata kotun tarayya a Warri ta ce kowa ya tsaya inda yake, 'yan sanda suka dakata. A Disamba suka ce za su dawo ranar 2 ga Janairun 2026, wata kotu a jihar Delta ta sake taka musu birki. A lura da abu ɗaya dai: umarnin wucin gadi da ya dakatar da kamu daban, hukuncin da ya soke doka daban.

Duk wannan hayaniyar a kan shinge take. Ɓangaren da ba a cika magana a kai ba shi ne inshora.

Yawancin motocin Gombe ƙaramar inshora gare su, wadda doka ta tilasta, mai biyan wanda ka yi wa ɓarna. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiya daga miliyan 1 zuwa miliyan 3, 'yan sanda kuma suka fara tsananta bincikenta daga 1 ga Fabrairun 2025. Wannan inshora ba ta san gilashinka ba, baƙi ne ko fari. Idan ɓarawo ya fasa shi, ko dutse ya tsaga shi a hanyar Bauchi, daga aljihunka. Matsalar mai ita ta fi zama ko takardar ma ta gaske ce, domin da yawa a gindin bishiya ake haɗa musu ita tare da sauran takardun mota, sai ranar haɗari a duba rumbun bayanan kamfanonin inshora a tarar babu lambar.

Mai cikakkiyar inshora, wadda ke biyan motarka kai ma, shi ne ya kamata ya buɗe ido. Kuɗinta ba ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar, ka ga motar miliyan 10 naira 500,000 ke nan a shekara. Yarjejeniyar kan faɗin gaskiya aka gina ta: kamfani ya karɓi motar ne a kan siffar da ka bayyana masa. Duhun kamfani yana cikin siffar motar ta asali. Leda kuwa ƙari ce, kuma ƙarin da ba a rubuta ba kamfani ba ya ɗaukar nauyinsa, sai ya sa maka farin gilashi ya ce an gama.

Babbar tambayar ita ce ko kamfani zai iya ƙin biya gaba ɗaya saboda ledar. Dokar inshora ta 2003, wadda aka yi aiki da ita har zuwa Agustan 2025 da Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwa, ta ba mai mota kariya biyu. Ta ce abin da kamfani bai tambaya a fom ba, ba a ɗaukarsa muhimmi. Ta kuma ce saɓa wani sharaɗi ba ya zama hujjar ƙin biya sai in sharaɗin yana da alaƙa da asarar da aka yi. Wato idan an sace motar a ƙofar gida a Tumfure, ko wani ya daki bayanta tana tsaye, da wuya a ɗora laifin a kan leda. Amma a ce ka manna mai duhu sosai a gilashin gaba da na ƙofar direba, ka fito bayan isha'i a layin da babu fitila, ka karya kwana ka kwashe ɗan acaɓan da ba ka hango ba. A nan alaƙar a fili take, rahoton 'yan sanda zai ambace ta, mai ƙiyasin ɓarna na kamfani zai ɗauki hotonta, kuma idan fom ya tambayi ko an yi wa motar wani sauyi ka rubuta a'a, kai ka miƙa musu wuƙar.

Masu kauce wa inshorar gargajiya saboda shubuha suna da takaful, wato inshorar Musulunci, wadda NAICOM ta fitar wa ƙa'idoji a 2013, kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suka biyo baya. Can ma fom ɗin yana nan da tambayoyinsa, sai ma ƙarin nauyi, tunda asusun da za a biya ka daga ciki na sauran mahalarta ne. Ko ta wace ƙofa mutum ya shiga, idan ya sa leda bayan an rubuta yarjejeniya, ya sanar da kamfanin a rubuce, ya karɓi amsarsu a rubuce, ya haɗa da takardar izinin 'yan sanda in yana da ita. "Ba komai, ranka ya daɗe" da wakilin kamfani zai faɗa maka a waya ba ta shiga fayil.