Motar dizal ba kullum take rage kashe kuɗi ba

An daɗe ana cewa a Maradi wanda ya sayi ƙaramar jif mai dizal, irin RAV4 ko Tucson, ya huta da tsadar mai. Maganar tana da tushe, domin a doguwar tafiya injin dizal ya fi na fetur tattalin mai. Mai zirga-zirga zuwa Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 600, shi ne zai ga ribar.

Sai dai yawancin masu irin wannan mota daga gida sai kasuwa, sai kai yara lakwal. A nan lissafin yake rushewa. Motocin dizal da aka ƙera wa Turai tun daga ƙa'idar rage hayaƙin mota ta Euro 5 ta 2009 suna da matatar hayaƙi a salansa, wadda ke tara baƙin toka, kuma ba ta ƙone shi sai injin ya yi zafi sosai a tafiya mai nisa. Idan kullum gajeriyar tafiya ce, matatar ta toshe, fitilar gargaɗi ta kama, mota ta rasa ƙarfi.

Ga kuma injekta. Na dizal na zamani suna fesa mai da matsanancin ƙarfi, ba sa jure ruwa ko ƙura. Man kwalba na bakin hanya yana iya lalata su, kuma kuɗin gyaransu kan cinye abin da aka tara a gidan mai.

Ni dai, mai yawon cikin gari fetur zan ce ya saya. Makanikanmu ma sun fi sanin hannunsa.